Kitson Gwaggo Shatu

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku, ku sassauta min. Wannan shafin ma sai da na ajiye shi na tashi na sha ruwa kafin na iya ƙarasa shi. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta nemi wuri ta zauna tukuna.

* * *

Da hantsi motar Kano ta sauke Mardiyya a tashar Daura. Ko leƙa gidanta da ke bayan Kusugu ba ta yi ba, don babu abin leƙawa. Ɗakin yana kulle tun ranar da aka kwantar da ɗanta Nasrullahi a asibiti a Kano, mijinta Harisu kuma ya rufe shagon ɗinkinsa ya tare a gefen gadon yaron. Ta faɗa motar Zango, daga can ɗan acaba ya ratsa da ita gonakin gyaɗa zuwa ƙauyensu.

Duk tsawon hanyar maganar Dakta Sada take juyawa a ranta. Shi ne likitan farko da ya kalli kan Nasrullahi bai yi dariya ba. Kowa a unguwa tsoho yake ce wa yaron, saboda gashin da aka haife shi da shi, ruwan toka mai ƙyalli kamar azurfa. Ita ma da farko abin dariya ta ɗauke shi, kafin zazzaɓi ya fara zuwa yana ƙin tafiya, ciki ya kumbura, jini ya riƙa ƙarewa ana ƙara masa.

Dakta Sada ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausar da ko kakarta za ta gane. Ya ce a cikin jinin mutum akwai ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, kowace tana da 'yan ƙunshin makaminta a cikinta, kuma sai an ɗauko ƙunshin an kai shi bakin ƙofa kafin ta harba. A jikin Nasrullahi makamin yana nan, mai ɗaukowar ne babu, kamar buhunan hatsi jibge a tasha babu ɗan dako. Shi dai wannan ɗan dakon ne ke kai baƙi cikin gashi, shi ya sa gashin ya fito haka. In cuta ta shigo, ƙwayoyin sai su yi ta hargowa ba su kashe ta ba, har su juyo kan jikin da suke tsaro. Gado ne, in ji shi, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma ya fi fitowa inda aka yi auren gida. Magungunan da ake ba yaron lallashi ne kawai. Maganin gaske shi ne dashen ɓargo, daga ɗan'uwa na ciki ɗaya wanda jininsu ya dace.

Jiya sakamako ya fito. Jinin Siddiƙa, yayarsa, ya dace da nasa. Harisu a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ya yi sujada, bai damu da masu kallo ba.

Abu ɗaya likitan ya ce ya rage. A kawo yarinyar da kanta a tsefe, a wanke tas, babu mai babu komai, zai yanki 'yan silin gashi ya duba a na'ura don ya tabbatar ita ba ta ɗauke da ciwon. Ya ce ba ya zaton komai, tunda sun ce gashinta baƙi ne. Harisu ya ce baƙi wuluk, har ya fi na kowa a gidan.

To, a nan gizo yake saƙarsa, in ji masu magana, amma ni ba zan ja muku rai ba. Siddiƙa 'yar farin Mardiyya ce.

Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke nufi. Mardiyya ba ta faɗar sunanta, ba ta yi mata wasa, ba ta kallonta ido cikin ido in da mutane. Ga shi kuma sunan uwar mijinta aka sa mata, Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifin Mardiyya, shi ya sa ake ce mata Siddiƙa. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Tun tana jaririya Gwaggo ke mata wanka, ita ke goya ta, sai in za ta sha nono a miƙo ta da hula a kai, Mardiyya ta kau da fuska ta ba ta. Ranar yaye Gwaggo ta tattara ta gaba ɗaya. Shekara bakwai ke nan, hannun Mardiyya bai taɓa sauka a kan yarinyar ba, kuma duk dangi yabonta suke yi a kan haka. Ita ma, a gaskiya, tana jin daɗin yabon.

Ta same su a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa a inuwar darbejiya. Siddiƙa ce ta fara ganinta, ta miƙe da gudu ta karɓi jakar hannunta tana "Anti, sannu da zuwa", don haka take kiranta. Doguwa ce, fara sol irin hasken da ake cewa na dangin kakanta ne, gira da ido sun sha kwalli raɗau. Gwaggo ba ta taɓa barin yarinyar ta fita ba kwalli ba, kamar yadda ba ta taɓa bari wata makitsiya ta taɓa mata kai ba. Matan gari har tsokanarta suke, wai ita kaɗai ta rage a duniya mai kitso da shuni.

Mardiyya ta durƙusa ta gaida Gwaggo, aka tambayi mai jiki, ta ba da albishir. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi hamdala har da hawaye, ta ce ai ta sani, Allah ba ya haɗa wa bawa zafi biyu. Ta tura Siddiƙa ta kawo fura.

Sai Mardiyya ta faɗi maganar tsifa da wankin kai.

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa.

"Gashi kuma? Ba jini suka ɗiba ba?"

"Sun ɗiba, Gwaggo. Wannan dubawa ce kawai."

"Ba a tsefe kan nan."

Mardiyya ta zaci rigimar tsufa ce, ta shiga lallashi. Ta ce sili biyu ne ko uku, ta ce in sun dawo ita da kanta za ta sayo shuni a sake kitson. Gwaggo ta kawo dalili ta ajiye ta ɗauko wani. Yau ba ranar tsifa ba ce, kan yarinya bai son iska, a bari sai gyaɗa ta shiga rumbu, ita ma za ta bi su Kano kamar wancan zuwan. Wancan zuwan kuwa Mardiyya ta tuna shi sarai. Da hijabi aka ɗebi jinin yarinyar, Gwaggo na riƙe da bakinsa a ƙarƙashin haɓarta wai kada ta firgita.

Ana cikin haka aka kira azahar. Gwaggo ta miƙe kamar wadda aka ceta, ta yi alwala, ta shimfiɗa buzunta a ƙofar ɗaki ta tayar da kabbara.

Mardiyya ta zauna tana kallon ƙasa. Fuskar Nasrullahi kawai take gani, yadda ta baro shi da asuba leɓɓansa sun bushe, yana numfashi da ƙyar saboda cikin da ya danne shi. Ita ba mai musu da manya ba ce, balle Gwaggo da ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. Amma yau ranta ya ƙi kwanciya, ta ji in ta bari aka kai gobe ba za ta yafe wa kanta ba.

"Ke," ta ce a hankali. "Zo nan."

Siddiƙa ta waiga bayanta, ta ga babu kowa. Ta nuna ƙirjinta da yatsa, Mardiyya ta gyaɗa kai. Yarinyar ta taho tana murmushin jin nauyi, ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta a ɗarare, kamar baƙuwa a kujerar mutane.

Mardiyya ta zare mata ɗankwali. Ta zaro tsinke daga tsintsiya ta kama jelar kitson farko.

A ƙofar ɗaki karatun Gwaggo ya ɗaga. Tana jin komai, kuma ba ta da ikon juyowa.

Jelar baƙa ce, baƙin da har ya wuce misali, yana barin shuɗi a yatsu. Mardiyya ta ci gaba da warwarewa tana hawa sama. Kitson ya kwana biyu, aikin gyaɗa bai bar Gwaggo ta sabunta shi ba, sabon gashi ya taso daga ƙasa. Da ta iso gindin ta buɗa shi da yatsu biyu don ta ga tsagar, sai rana ta faɗa a kai.

Ruwan toka, mai ƙyalli.

Ta ce a ranta ƙura ce. Ta lakato yawu ta murza, ƙyallin ya ƙaru. Ta kama kitso na biyu, ba ta ma tsaya tsifa ba, ta buɗa gindinsa. Haka na uku. Ta juyo da fuskar yarinyar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa bakin mayafinta ta goge girar dama. Kwallin ya fita, girar Nasrullahi ta bayyana a fuskar yayarsa.

Gwaggo ta yi sallama, gajeriyar sallamar da ba ta taɓa yin irinta ba. Ba ta tashi daga kan buzun ba.

"Rufe mata kai."

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Na ce ki rufe mata kai, a tsakar gida kuke, sama a buɗe."

"Tun yaushe?"

Tsohuwar ta jawo carbinta. Can ta ce, "Tun ranar da ta faɗo hannuna."

Daga nan maganar ta ɓalle mata, tana yi tana kallon carbinta. Ita ta karɓi haihuwar, ita ta fara ganin kan. Kafin ta nuna wa kowa ta kwaɓa kwalli da man shanu ta shafe shi, ta sa hula. Ranar suna a cikin ɗakinta Nagoggo wanzami ya yi askin, ta tattare gashin ta binne, ta roƙe shi ya riƙe bakinsa, ya riƙe har ya koma ga Allah. Duk baƙin da Mardiyya ke gani a hannunta in ta gama shayarwa, wanda aka ce mata maganin maɗiga ne, wannan ne. Da gashi ya yi tsawo ta koma baƙin lalle, tana aikawa a sayo mata a kasuwar Mai'adua, ta bi da shuni a sama don kada a tambaya.

Mardiyya ta tambaye ta dalili.

"Kafin Harisu na haifi biyu," in ji Gwaggo. "Ke ba a haife ki ba. Mace da namiji, duk da irin kan nan. Kowa ya zo barka sai ya ce tubarkalla, ya fita ya ce an yi musu alama, masu su za su zo. Suka zo kuwa. Zafin jiki, ciki ya kumbura, ko yaye ban yi wa ɗaya ba. Ni na san abin da na gani. Da na ga kan wannan na ce wallahi ba za su gane ta ba."

"A gabana likita ya tambaye ki ko an taɓa haihuwar mai irin gashin a dangi. Kika ce ba a taɓa ba."

"Ba a faɗa. Faɗar ce ke kiransu."

"Ba wasu masu zuwa, Gwaggo. A jininmu yake, ni da ke da Yaya Harisu. Da kin faɗa tun tana ƙarama..."

"Da me?" Gwaggo ta ɗago, idanunta sun kaɗa. "Naki da kika bari a buɗe a birni kowa na masa dariya, yana ina yanzu? Tawa da na rufe, ga ta nan tana ɗaukar tulu."

Maganar ta shigi Mardiyya har ƙashi. Amma ta ga tsohuwar ba mugunta take yi ba, da gaske take. Shekara bakwai tana tashi tana kwaɓa lalle a ɓoye, tana gadin yarinya daga abin da ita kaɗai ta san zafinsa. Mardiyya ta so ta tsane ta ko na minti ɗaya ne, abin ya ƙi. Sai haushin ya juyo kanta. Wace irin uwa ce za a rina kan 'yarta tun daga zanen goyo ba ta sani ba? Ita ce ke kau da fuska, ita ce ke jin daɗi in an ce Mardiyya akwai kunya. Ko sau ɗaya da ta ɗaga hular nan, da ta gani.

Ni dai ban ga laifin kunya ba, da ita aka tashe mu. Amma ranar nan Mardiyya ta ji da ma ba ta da ita.

Sai a sannan abin ya gama sauka a kanta. Sujadar Harisu ta tashi a banza. Ɓargon da suke ta murna ya dace, irin na Nasrullahi ne, shi ma babu ɗan dakon. Yaron da ta baro da asuba ba shi da kowa yanzu. Ta tuna kuma abin da Dakta Sada ya ce da Harisu ya tambaye shi ko akwai masu tsira, cewa wasu yaran kan kai shekaru lafiya lau ciwon yana kwance, sai wata 'yar cuta ta tashe shi, kuma dashen ya fi yin kyau in an yi shi kafin ya tashi.

Duk wannan abin Siddiƙa na zaune ba ta motsa ba, rabin kai a tsefe. Ta ji an ambaci gashi, an ambaci likita, an ambaci ƙaninta, ta haɗa abin yadda hankalinta ya ba ta.

"Anti," ta ce, "in gashina ne maganin, ki yanke duka. Ai zai sake fitowa."

Gwaggo ta sa gefen zani ta toshe bakinta.

Mardiyya ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kan yarinyar, ba don tsifa ba, ba don likita ba. Ta bar shi a wurin. Laushin gashin iri ɗaya ne da na ƙaninta. A hankali ta ji wani abu da ya sa ta sauke hannun zuwa goshi, daga goshi zuwa wuya. Inuwa suke, amma jikin yarinyar kamar an ɗauko ta daga bakin murhu.

Ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Siddiƙa ta saci kallon Gwaggo, sannan ta ce ba komai, da yamma ne kawai yake zuwa, Inna, wato Gwaggo, na ba ta jiƙo ya sauka. Tun yaushe? Tun kafin a fara cirar gyaɗa. Gwaggo ta ce zazzaɓin damina ne, duk yaran gari sun yi, amma ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Watannin da Mardiyya ta yi a asibiti sun koya mata inda likitoci ke fara taɓawa. Ta zura hannu ƙarƙashin rigar yarinyar, gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, ta danna kaɗan. Yarinyar ta ɗan noƙe. Abin yana nan, tauri kamar ɗanyen mangwaro, daidai inda na Nasrullahi ya fara.

"Siddiƙa."

Sunan ya fito a baƙo, don bakin bai saba da shi ba. Yarinyar ta ɗago da sauri tana kallonta, ta rasa ko amsawa ake yi. Gwaggo ma ta ɗago. A gaban uwar miji, a tsakar gida, da rana tsaka, ga 'yar fari kuma mai sunan uwar mijin. A wata ranar da an yi shekara ana zancen.

"Siddiƙa, tashi ki ɗauko hijabinki da takalmi."

"Ba inda za ta da kai a buɗe," in ji Gwaggo, amma muryar babu ƙarfi. "Ki bari in shafa mata ko kwalli ne. Don Allah, Mardiyya. Hanya da nisa, za a gan ta."

"So nake a gan ta, Gwaggo."

Tsohuwar ta rarrafo daga kan buzun ta riƙe ƙafar yarinyar da hannu biyu. Kuka kawai take marar sauti, irin na wadda ta taɓa binne biyu. Mardiyya ta durƙusa tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ita ma hawayen take, tana cewa ki yafe min Gwaggo, ki taso mu tafi tare, ki faɗa wa likita abin da kika faɗa min.

Waya ta yi ƙara a cikin jaka. Siddiƙa ce ta ɗauko ta miƙo mata. Harisu ne.

Muryarsa a sake take, rabon da ta ji ta haka har ta manta. Ya ce yaron ya sha kunu cokali kaɗan, ya buɗe ido. Ya ce Dakta Sada ya leƙo yana tambaya, in sun iso yau gobe da safe za a duba gashin a wuce wurin, a fara shirin dashe. Ya ce ya faɗa wa Nasrullahi yayarsa na hanya.

"Kin same su lafiya? Kin wanke mata kan?"

Mardiyya ta kalli tafin hannunta. Shuɗin shuni ya ɓata shi, ga wani sili guda da ya maƙale a tsakanin yatsunta, rabinsa baƙi, rabinsa yana ƙyalli.

"Mardiyya, kina jina? Za ki taho da ita yau ɗin?"

"Zan taho da ita, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Me zan ce wa likitan?"

Ta jawo Siddiƙa ta manna ta a ƙirjinta, zafin jikin yarinyar yana ratsa rigarta.

"Ka ce masa ya tanadi gado biyu."